Me Ya Sa Ƙaramin Rishon Gas Yakan Yi Rauni Da Hunturu?

Kowace shekara, da zarar hunturu ya kankama, akan ji kuka iri ɗaya daga wajen waɗanda suka sayi ƙaramin rishon nan mai aiki da gwangwanin gas. Mutum ya kwana a bukkar fadama yana tsaron tumatir ko dankali, ya tashi da asuba zai dafa shayi kafin ya tada injin ban ruwa. Ya kunna risho, wuta ta kama tana huci, amma kafin ruwa ya tafasa sai ta fara ja da baya, har ta koma kamar ta aci-balbal. Ya girgiza gwangwani, ya ji da sauran abu a ciki yana motsi. Da rana ta take ya sāke kunnawa, sai wuta ta tashi kamar ba ita ba. Daga nan wani ya ce mai kanti ya cuce shi da jabu, wani ya ce an haɗa gas ɗin da ruwa, wani kuwa ya ɗauki gwangwanin ya kai bakin wutar kara domin ya ɗumama. 'Yan'uwa manoma, saboda na ukun nan ne na ga ya kamata mu yi wannan magana, gama abin da yake yi yana iya raba shi da idanunsa, ko ma da ransa.

Asalin waɗansu daga cikin waɗannan risho ba domin girkin gida aka yi su ba. An yi su ne domin masu yawon buɗe ido da masu hawan duwatsu, waɗanda suke ɗaukar kayansu a baya suna kwana a tanti. Kamfanin Campingaz na Faransa, wanda aka kafa a 1949, yana cikin waɗanda suka yaɗa ƙaramin gwangwani mai giram 190 da ake hudawa. Shi kuwa risho mai faɗi, wanda ake kwantar da dogon gwangwani a gefensa kamar gwangwanin maganin sauro, kamfanin Iwatani na Jafan ne ya fito da shi a 1969. Akwai kuma gwangwani mai bakin murɗawa, wanda yakan zo da giram 100, ko 230, ko 450. Mutanen ƙasashen sanyi sun daɗe da sanin halin waɗannan gwangwanaye, har ma akwai gas na damina da na lokacin ƙanƙara dabam dabam a kantunansu. Mu ne abin yake zo mana baƙo, domin muna ganin sanyinmu bai kai ya hana wuta ci ba.

ABIN DA YAKE CIKIN GWANGWANI

Abin da kuke ji yana motsi in kun girgiza gwangwani, ba ruwan sha ba ne. Gas ne da aka matse shi ƙwarai har ya zama ruwa. Ana yin haka ne domin a sami wurin zuba shi, gama cokali ɗaya na ruwan gas, in ya sami hanya ya koma iska, yakan cika wuri fiye da cokali 200. To, risho ba ya ƙona wannan ruwa. Abin da yake ƙonawa shi ne tururin da yake taruwa a saman ruwan. Sa'ad da kuka buɗe makunni, tururi ya fita, sai ruwan gas ɗin ya fara tafasa a cikin gwangwani domin ya maye gurbin wanda ya fita. Kada kalmar tafasa ta ruɗe ku. Kowane abu mai ruwa-ruwa yana da iyakar zafin da yake tafasa. Ruwan sha sai ya kai digiri 100 a bakin teku, yana kuma daskarewa a sifiri. Shi gas yana tafasa tun yana da sanyi a hannu.

Gas ɗin da ake zubawa a gwangwani iri uku ne. Na fari sunansa butan. Yana tafasa daidai wajen sanyin da ruwa yake zama ƙanƙara, watau rabin digiri ƙasa da sifiri. In sanyi ya wuce haka, sai ya kwanta abinsa a gwangwani kamar kananzir, ba tururi, ba wuta. Na biyu ɗan'uwansa ne, aisobutan, wanda yake ci gaba da tafasa har wajen digiri 12 ƙasa da sifiri. Na uku shi ne furofen, wanda sai sanyi ya kai digiri 42 ƙasa da sifiri zai kwanta. Wani zai ce, to, me ya hana a cika gwangwani da furofen zalla a huta? Dalili shi ne ƙarfinsa. A ɗaki mai zafin digiri 20, furofen yana tura bangon abin da yake ciki da ƙarfi wajen ninki huɗu na butan. Gwangwani mai bango sirara ba zai jure ba, sai tukunyar ƙarfe mai kauri. Saboda haka masu yin gas na ƙasashen sanyi sukan gauraya: kashi 70 ko 80 cikin ɗari butan ko aisobutan, kashi 20 ko 30 furofen. Dogayen gwangwanayen nan masu araha kuwa, mafi yawansu butan ne kusan zalla.

Yanzu ga inda tambaya take. Sanyinmu ba ya kai sifiri sai a wurare kaɗan, kamar duwatsun Ayar a arewacin Nijar, inda raɓa takan daskare a waɗansu darare. A Jos da kewayenta, da kan tudun Mambila wajen Gembu da Nguroje, daren Disamba da Janairu yakan sauka wajen digiri 10, wani lokaci ƙasa da haka. Tun da butan yana tafasa har zuwa sifiri, ai da sauran rata. Me ya sa wuta take mutuwa?

Dalili na fari, tafasa kaɗai ba ta isa ba, sai tururin ya fito da ƙarfi. Da rana, in gwangwani yana da zafin digiri 30, ƙarfin da yake tura gas waje ya yi kusa da na iskar tayar babur. In ya sauka zuwa digiri 10, abin da ya rage bai wuce sulusin wannan ba. A digiri 5 kuwa sai ɗan numfashi. Watau tun kafin ku kyasta ashana, gwangwanin da ya kwana a waje ya riga ya rasa mafi yawan ƙarfinsa.

Dalili na biyu ya fi wannan muhimmanci, kuma kowace mace mai randa ta san shi ko da ba ta taɓa ganin gwangwanin gas ba. Me ya sa ruwan randa yake sanyi? Domin randa tana tsatsafo, ruwan da ya tsatso yana bushewa, kuma duk ruwan da zai bushe ya zama tururi sai ya ɗebi zafi daga abin da yake jikinsa. Haka gumi yake sanyaya jikin manomi. Da wannan hikima ce marigayi Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, domin adana kayan miya a ƙauyukan Jigawa, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. To, gwangwanin gas ma randa ne. Duk tururin da ya fita zuwa risho, ya tafi da zafin da ya ara daga ruwan gas da kuma bangon gwangwani. Muddin wuta tana ci, gwangwani yana sanyaya kansa. Ku taɓa shi bayan minti goma za ku ji ya fi iskar wurin sanyi nesa ba kusa ba, wani lokaci har ku ga raɓa a jikinsa daidai iyakar inda ruwan gas ya tsaya. Da rana iska mai zafi tana biyan bashin nan da nan, shi ya sa ba ku lura ba. Da asubar hunturu kuwa iska ba ta da abin biya. Gwangwanin da ya fara aiki a digiri 10 yana iya gangarowa kusa da sifiri cikin ɗan lokaci, wuta ta mutu alhali da sauran gas.

Abin yakan fi tsanani in gwangwani ya kusa ƙarewa. Ruwa kaɗan ya fi saurin hucewa bisa mai yawa, kamar yadda kunu a ludayi yake riga na ƙwarya hucewa. Ko gas ɗin gauraye ne ma, akwai wata matsala: furofen ya fi ɗoki, shi ne yake fara fita. Sa'ad da gwangwani ya rage sulusi, kusan duk abin da ya saura butan ne. Shi ya sa masu hawan duwatsu a Turai sukan tafi da sabon gwangwani in za su shiga ƙanƙara, su ajiye rabi-rabin domin lokacin zafi.

Ku kuma tuna cewa fadama ta fi tudu sanyi da dare. Iska mai sanyi tana da nauyi, takan gangara ta kwanta a kwari kamar ruwa. Bukkar mai lambu tana daidai inda sanyi yake taruwa.

Akwai abu ɗaya da ake ɗora wa gas laifinsa alhali ba nasa ba ne. Jos tana bisa tudu fiye da mita 1,200 daga bakin teku, Mambila kuwa wajen mita 1,600. A irin wannan tsayi iska ba ta danna abu da nauyi kamar a Legas, saboda haka ruwa yakan tafasa tun a wajen digiri 95 ko 96. Yana ɓararraka, amma zafinsa bai kai ba, wake da nama sukan daɗe ba su nuna ba ko da wace irin wuta aka dafa su. Shi gas kuwa, tsayin ma ɗan taimako yake yi masa, gama tururi ya fi samun sauƙin fita. Sanyin tudu ne abokin gābansa, ba tsayin ba.

YADDA ZA A TAIMAKI GWANGWANI

In kun gane cewa gwangwani bashin zafi yake nema, maganin ba wuya. Ɗumi kaɗan yake so, ɗumin jikin mutum ma ya ishe shi. Kada ku bar shi ya kwana a waje. Ku cire shi daga risho, in irin wanda ake cirewa ne, ku tabbata ba ya yoyo, ku naɗe shi cikin tsumma a ɗaki nesa da wuta. Da asuba ku sa shi cikin riga minti goma kafin ku kunna. Wanda yake da gwangwani biyu, sai ya riƙa musaya: ɗaya yana aiki, ɗaya yana cikin riga. Amma a kashe wuta tukuna kafin a canja, a kuma yi canjin a fili, ba kusa da fitila ko mai shan taba ba.

Ga wanda rishonsa yake ɗaure a bisa kan gwangwani, akwai dabarar da ta fi kowace. Ku sami kwano mai faɗi wanda ba zai yi tangaɗi ba, ku zuba ruwa kamar tsawon gaɓar yatsa ɗaya ko biyu, ku tsayar da gwangwani a ciki. Ruwa yana riƙe zafi fiye da iska ƙwarai, yana kuma ba da shi da sauri. Ruwan rijiya da aka ɗebo yanzu ma ya isa, gama da asubar hunturu ya fi iska ɗumi. In za ku surka da ruwan zafi, kada ya wuce wanda za a yi wa jariri wanka da shi. Tafasasshen ruwa, a'a.

Kada kuma ku buɗe makunni har ƙarshe. Wuta babba tana zuƙe tururi da sauri, gwangwani ya sanyaya da sauri. Wuta matsakaiciya da murfi a kan tukunya sukan riga ta kai ruwa tafasa, gas ma ya yi auki. A wurin da ba iska, da tukunya a rufe, lita ɗaya ta ruwa takan ci wajen giram 15 na gas. In iska tana kaɗa harshen wuta, tana iya cin ninkin haka. A ganina ma, a ƙasarmu iskar hunturu ta fi sanyin kansa cin gas. Ku kare risho da jikinku, ko da bango, ko da faranti daga gefen da iska take zuwa. Amma ku lura da kyau: kada ku kewaye risho da gwangwani gaba ɗaya da kwano ko langa-langa. Zafi zai taru a ciki ya koma kan gwangwani. Ku bar gefe ɗaya a buɗe, ku riƙa taɓa gwangwani. In ya yi zafin da hannu ba ya so, a kashe wuta nan take.

Masu tafiya cikin ƙanƙara suna da wani irin risho mai tiyo, wanda ake kifa gwangwaninsa domin ruwan gas ya gangaro, ya bi ta wani bututu da yake ratsa harshen wuta, ya zama tururi a can. Na ambace shi ne kawai domin kada wani ya ji labari ya gwada da nasa. In kuka karkata ko kuka kifa gwangwanin risho na kullum yana ci, ruwan gas zai fito ɗanye, wuta ta yi tsalle sama da kan mutum, bukkar kara kuwa ba ta jira.

WUTA DA RUFAFFEN ƊAKI

A jikin waɗannan gwangwanaye akan rubuta cewa kada zafinsu ya wuce digiri 50. A wannan zafi ƙarfin butan ya haura ninki biyu na yadda yake a ɗaki mai sanyi, kuma yana ƙaruwa da sauri da kowane ƙarin zafi. Gwangwanin da aka jingina da murhu, ko aka riƙe bisa garwashi, ko aka gasa gindinsa da ashana, gefe ɗaya yakan wuce wannan iyaka tun ɗaya gefen yana da sanyi a hannu. Ba ya ba da sanarwa. In ya fashe, ƙarfe yakan tashi kamar wuƙa, gas ɗin duka ya kama wuta gaba ɗaya. Haka kuma kada a bar shi a rana, ko cikin rufaffiyar mota da azahar.

Risho mai faɗi yana da nasa tarko. In aka ɗora masa babbar tukunya ko farantin suya wanda ya rufe ɗakin da gwangwani yake kwance, gindin tukunyar yakan mai da zafi ƙasa. An yi masa wani abin tsaro da yake ture gwangwani in ƙarfi ya yi yawa, amma ba kowane ne yake aiki ba. A 2015 hukumomi a Ostareliya sun hana sayar da ire-irensa da dama saboda wannan abin tsaro ya kāsa a gwaji, bayan an sami waɗanda suka ƙone. Tukunyar tuwon iyali ba ta wannan risho ba ce.

Haɗarin da ya fi ba ni tsoro kuwa ba ya ƙara, ba ya wari. Sanyi yakan sa mutum ya shiga da risho ɗaki, ya toshe ƙofa da taga, har ya bar shi yana ci domin ɗumi. Wutar da ba ta samun isasshiyar iska takan fitar da wata guba da ake kira kabon monoksaid. Ba a ganinta, ba a jin warinta. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki yake bukata. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da barci, shi ya sa mutum yakan ɗauka zazzaɓi ne ya ƙara kwanciya. Gawayi a kasko cikin rufaffen ɗaki ma haka yake yi, har ya fi. Ana gudun gara a faɗa gidan zago ke nan. In mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka fara ciwon kai tare, a fitar da kowa waje, a kashe wuta, a kai wanda ya galabaita asibiti ba da jinkiri ba. Harshen wuta mai kyau shuɗi ne. In ya koma rawaya yana baƙanta tukunya, risho yana bukatar shara.

Gas kansa ya fi iska nauyi. In ya yi yoyo ba ya tashi sama, sai ya kwanta a ƙasa inda ake shimfiɗa tabarma. Ɗan zoben roba da yake bakin risho yakan taurare ya tsage da bushewar hunturu, ku duba shi. Ruwan sabulu ake shafawa a mahaɗa, in ya yi kumfa akwai yoyo. Ba a neman yoyo da ashana. Gwangwanin da ake hudawa kuwa ba shi da marufi, in an ɗaura shi ba a cirewa sai ya ƙare sarai.

ME YA KAMATA ƘUNGIYA TA SAYA?

Waɗansu ƙungiyoyi sukan yi shawarar sayen kaya a dunƙule domin 'yan ƙungiya su sami rangwame. Kafin a fitar da kuɗi daga asusu, a yi wannan lissafi. Dogon gwangwani yana ɗauke da wajen giram 220, wanda wuta babba takan cinye cikin awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Tukunyar gas mai kilo 3 tana daidai da gwangwani 13 ko 14, mai kilo 6 kuwa gwangwani 27. Ma'aji ya tambayi kuɗin cika tukunya a garinku, ya tambayi kuɗin gwangwani 27, ya gwada su. Gas ɗin tukunya ma a Nijeriya da Nijar mafi yawansa butan ne, amma tukunya tana da ruwa mai yawa da faɗin jiki, saboda haka ba ta saurin sanyaya kanta. Sai ta kusa ƙarewa ne za ku ga raɓa a gindinta wuta tana raguwa da asuba. Ga wanda zai yi wata uku a fadama, ni dai tukunya mai kilo 3 ko 6 da kan risho a bisa nake ba da shawara. Ƙaramin gwangwani na matafiyi ne, na shayi da ƙwai da ɗumame.

Wanda ya ga lalle gwangwani yake so, kuma yana zaune a tudu mai sanyi, ya karanta jikinsa kafin ya biya. In an rubuta furofen ko aisobutan cikin abin da aka zuba, zai fi jure asuba. Ya kuma duba bakin, gama na murɗawa da na hudawa da dogon nan ba sa shiga rishon juna. Kada kowa ya yarda a sāke cika masa gwangwani daga babbar tukunya. An yi shi ne domin aiki sau ɗaya, ba wanda ya san yawan furofen da yake cikin gas ɗin da za a ɗura masa, kuma in aka cika shi maƙil ba a bar wa tururi wuri ba, zafin rana kaɗai ya isa ya tsaga shi.

Kafin ku ce gwangwani ya ƙare, ku bari rana ta ɗaga ku sāke gwadawa, ko ku girgiza shi kusa da kunne. Wanda ya ƙare da gaske ma akwai ɗan tururi a ciki, saboda haka kada a jefa shi a juji inda ake cinna wuta, kada kuma a bar wa yara su yi wasa da shi. A tara su wuri ɗaya a inuwa, a gaya wa mai sayen tsofaffin ƙarafa cewa na gas ne kafin ya ɗauka.